Mai Banda, Mai Hula da Mai Caji

Akwai tambayar da mutanen Maiduguri suka daina yi wa juna tun da rikici ya shigo gari. Kana iya tambayar mutum garinsu, ka tambaye shi lafiyar yara, har ka tambaye shi abin da ya raba shi da matarsa in ba ka da kunya. Amma ba ka tambayarsa aikin da yake yi a da. Duk wanda ya yi wannan tambaya, ko dai baƙo ne, ko kuma aiko shi aka yi. A shekarun nan an bi ɗan sanda har gida, an bi gandiroba, an bi malamin boko, an bi ma'aikacin kamfanin waya. Masu bin, ba ma kiran sunansu, sai dai mu ce yaran nan. Saboda haka kowa ya nemi wata ƙaramar sana'a ya lulluɓa da ita.

Siddiƙa Tahir da banda, wato kyafaffen kifi, ta lulluɓa.

Malamar firamare ce, aji huɗu take koyarwa, kuma ta daɗe tana yi. Mijinta ya rasu da ciwon hanta tun kafin abubuwa su tsananta, ya bar ta da jaririya da tsohuwar uwarta, Ya Falmata. Wata safiya aka zo ƙofar makarantarsu aka tambayi wani abokin aikinta, Malam Pindar, da sunansa, ya fito da alli a hannu, aka harbe shi. Daga ranar Siddiƙa ba ta sake taka makarantar ba. Ta kyautar da jakar da take ratayawa, da agogon hannunta, da takalmanta na zuwa aiki, domin a lokacin ko tafiyar mace ana kallo a ce wannan ta yi kama da ma'aikaciya. Ta kwashi uwarta da 'yarta suka tsallaka gari zuwa Bulabulin, inda ba wanda ya san su, ta kama ɗaki a gidan haya na wani dattijo, Baba Ya'akubu. Da matan gidan suka zo yi musu sannu da zuwa, ba su tambaya ba, ita ce ta riga su: kifi take sayarwa.

To magana ta fita, dole a tabbatar da ita. Washegari ta nufi Kasuwar Kifi ta Baga Road ba ta san tarwaɗa daga karfasa ba in an kyafe su. Ta zauna gindin wata tsohuwa ta koyi yadda ake buɗe kwali a duba ƙasa kafin sama, yadda ake kakkaɓe ƙwari, yadda ake gane bandar da aka yayyafa wa ruwa don ta yi nauyi. Ƙarnin kifi ya kama lafayar da take yafawa, ya kama gashinta, sabulu ya kasa. Wata macen za ta yi kuka. Ita kuwa daɗi ta ji, domin ba wanda zai shinshina wannan ƙarni ya ce ga malamar boko.

A duba dai abin takaici. Matar da ta koya wa ɗaruruwan yara karatu, ita ce take miƙa wa ɗan achaba ko mai shago takarda ta ce, "Don Allah me aka rubuta a nan?" Kuma gwamnatin da ta ɗauke ta aiki ba ta taɓa aiko kowa ya tambayi inda ta shiga ba. Suna can suna jawabi a kan muhimmancin ilimi.

Sai hanyar Baga ta rufe, kifi ya daina zuwa kamar da. Kasuwa ta yi sanyi. Siddiƙa ta koma ɗaukar ɗan abin da ta samu tana kai wa masu abinci a unguwanni, har Moduganari. A can take barin wayarta caji a shagon wani Nnanna, Ibo ne amma haihuwar Yerwa, wato Maiduguri, Hausa da Kanuri duk a bakinsa. Janareta gare shi, yana cajin wayoyi, yana zuba wa mutane fina-finai da wa'azi a memori. A gefen shagon wani siririn mutum mai suna Abdulwahab yake wankin hula, ya jera su a kan itacensu suna shan rana.

Wata rana wata 'yar gudun hijira ta shigo shagon da takardar asibiti, tana juya ta, ba ta san yadda za ta ba ɗanta magani ba. Siddiƙa ta manta da kanta. Ta karɓi takardar ta karanta Turancin, tana mayar wa matar da Kanuri, a hankali, tana maimaita wurin da ke da muhimmanci, har ta sa matar ta faɗa da bakinta. Sai da ta gama ta ga Nnanna ya tsaya da waya a hannu yana sauraro. Shi kuwa bai ce mata a ina mai banda ta koyi wannan ba. Cewa ya yi, "Ya Siddiƙa, wannan murya taki asara take yi a cikin kwalin kifi."

Ashe shi da Abdulwahab sun buɗe wani shafi a Fesbuk mai suna Zauren Yerwa. Suna sa cigiyar waɗanda suka rabu da danginsu a sansanoni, da farashin gero da wake, da hanyar da sojoji suka buɗe da wadda suka rufe. Matsalarsu, yawancin masu buƙatar labarin ba sa karatu. Murya suke nema. Siddiƙa ta yarda da sharaɗi guda, ba za a nuna fuskarta ba. Tana karantawa da Hausa da Kanuri, Abdulwahab yana yankewa yana haɗawa a tsohuwar kwamfuta da saurin da bai dace da mai wankin hula ba, Nnanna yana san yadda zai yi saƙo ya fita ko da sabis ya yi rauni. Kowa ya ga abin da ya gani a hannun ɗan'uwansa, kowa ya kama bakinsa. Haka suka yi shekaru. Abin ya girma, suka yi rajistar kamfani, suka kama shagon gefe, suka zama su ukun ne shugabanni. Suna cin abinci a kwano ɗaya, sun san ciwon juna, amma ba wanda ya san abin da ɗayan yake kafin rikici.

A shekarar da kwalara ta shiga sansanoni, wata ƙungiyar agaji ta so ba su aikin shirya saƙonnin wayar da kai. Ma'aikaciyarsu, Rhoda Dzarma, yarinya ce daga kudancin Borno, mai saurin magana. Ta ce abu ɗaya ya rage. Sai kamfanin ya sa shafi a intanet da hotunan shugabanninsa, da bayanin aikin da kowannensu ya yi a baya, don manyanta su ga wa suke ba aiki. Su ukun kowa ya rubuta abin da ya saba faɗa wa maƙwabta, suka tura.

Bayan azahar sai ga Rhoda, ko zama ba ta yi ba.

"Anti, wasa kuke yi da ni? Mai banda, mai wankin hula, mai cajin waya. In na kai wa manyana wannan, cewa za su yi na sha wani abu."

Nnanna ya ce, "To ƙarya muka yi? Matso ki shinshina lafayarta ki ji."

Siddiƙa ta ce, "Kai fara wanke wannan rigar taka mai warin fetur tukuna, sannan ka yi maganar lafayata."

Rhoda ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ni ba baƙuwa ba ce, na san dalili. Babana ma manomi yake cewa shi ne. Amma waɗanda za su sa hannu suna Abuja, wasu ma ba a ƙasar suke ba. Ba su san tsoronmu ba, takarda suka sani. Ko mutum ɗaya a cikinku ya nuna ya taɓa yin wani aiki da ya shafi wannan. In ba haka ba, wani kamfani za a ba daga can, a zo a karanta wa matan Kukawa da ke gudun hijira saƙo da Hausar da ba sa ji."

Ta tafi ta bar su. Nnanna ya daɗe yana juya wata waya da ba ta lalace ba, sannan ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Ni ƙarafan sabis nake hawa. Injiniyan kamfanin waya. Lokacin da aka fara ƙona su, aka kashe mai gadin da muke aiki tare, sai na sauko."

Abdulwahab ya ce, "Gidan rediyo. Ni nake haɗa labarai, wani lokaci in karanta."

Siddiƙa ta dube shi da kyau. Ai ta sha jin wannan murya da safe tana shirin tafiya makaranta, sai dai mutumin ya mayar da ita ƙasa-ƙasa kamar ta marar lafiya, shekaru yana magana cikin maƙoshi. Ta ce, "Aji huɗu."

Nnanna ya fashe da dariya har da buga tebur. "Na rantse na sani. Duk kasuwar kifi ba inda ake ce wa mutum, ‘A'a, sake daga farko, ka buɗe bakinka.’ Ni da gemuna kike sa ni maimaita karatu."

"Da ka iya ai da ban sa ka ba."

Dariyar ba ta daɗe ba, domin tambayar tana nan. Wa zai sa nasa? Nnanna ya ce shi Ibo ne, Kirista, a shagon da ke bakin titi, kaya biyu ke kansa tun haihuwa, Obiageli matarsa ta sha haɗa jaka za ta koma Kudu da yara, in ya ƙara na uku ba za ta tsaya ba. Abdulwahab bai yi dogon bayani ba. Ya ce an taɓa kiran wayarsa aka lissafa masa sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, aka kashe wayar. Ya ce shi mai wankin hula ne har ya mutu. Siddiƙa ba ta ga laifin kowa ba. Ba su kuma ce mata ke fa ba. Da sun ce, da ta fi jin sauƙin ƙi.

Da la'asar ta isa gida ta tarar da Ya Falmata tana tsintar shinkafa a ƙofar ɗaki. Ta ja ta ciki, ta saki labule, ta faɗa mata maganar sa hoton da Kanuri, murya ƙasa.

Tsohuwar ta ce, "Wannan shafin, wa yake karanta shi?"

"Duk mai waya, Ya."

"Yaran nan ba su da waya?"

"Gari ya lafa yanzu. An kore su daji."

"Ƙarar da muka ji shekaranjiya daga gefen gari, ganga ce? Ke Siddiƙa, muna da ɗaki, muna da ƙofa, ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa ta yana neman sunanki. Me kike nema kuma? Aikin Turawan ya tafi mana. Da can da shi muke ci?"

Gaskiya tsohuwa ta faɗa, kuma Siddiƙa ta sani. Ba aikin ƙungiyar ne ya fi damunta ba. Suna cikin maganar 'yarta ta shigo daga makaranta, ta ajiye jaka, ta zaro littafi za ta fita. Siddiƙa ta ce ina zuwa. Yarinyar ta ce ɗakin maƙwabta, yayarsu za ta nuna mata aikin gida. Siddiƙa ta ce ta kawo ta gani. Yarinyar ta yi 'yar dariya, ba da raini ba, da tausayi ma, ta ce, "Mama, Turanci ne." Ta fice.

Gidan haya ne, bango ba ya riƙe magana, shi ya sa tun yarinyar na rarrafe Siddiƙa ba ta taɓa buɗe littafi a gabanta ba. Ta yi ɓuyan da kyau har ta ɓace wa 'yar cikinta. Ta zauna bakin katifa tana tunani. Da farko ta ɗauka riga ce ta ara, in hadari ya wuce ta tuɓe. To wa zai zo ya ce mata ya wuce? Ba ranar da za a yi shela a ce malamai ku fito. Waɗanda suka harbe Malam Pindar sun so kada a sake ganin malami a garin, kuma ga shi ita da kanta ta cika musu burinsu, ba su ko san da ita ba. Wannan tunani ne ya hana ta cin abinci. Tsoron kuma bai tafi ko'ina ba, yana zaune kusa da ita.

Da safe ta sa lafaya mai kyau ta tafi Moduganari. Ta ce wa Abdulwahab ya ɗauko kyamara.

Ya ce, "Ya Siddiƙa, ba dole. Ko gefe zan ɗauka, mayafi ya rufe rabi?"

"Ɗauki fuskata yadda Allah ya yi ta. In za a neme ni, kada a je a kama wata."

Nnanna ya zauna gaban kwamfuta, ta tsaya a kansa tana faɗa yana bugawa. Siddiƙa Tahir, shugabar shirye-shirye. Ta yi kwalejin horon malamai. Ta koyar a makarantar firamare shekaru masu yawa. Daga nan ta sayar da banda a Kasuwar Baga Road.

Da Rhoda ta gani ta kira waya, murna fal muryarta, amma ta ce a cire maganar bandar, ba ta ƙara komai. Siddiƙa ta ce ba za a cire ba. Matan kasuwar nan su suka riƙe ta lokacin da ma'aikatar ilimi ba ta san tana raye ba, kuma a bakinsu ta koyi yadda ake faɗa wa mace magana ta shiga kunnenta. Rhoda ta ce to. A ƙarƙashin hoton Siddiƙa aka bar sauran biyun yadda suke, ba hoto, mai caji da mai wankin hula.

An ba su aikin. Muryarta ta zaga sansanoni a lasifika da wayoyi tana cewa a tafasa ruwa, a wanke hannu, a kai mai gudawa asibiti kada a jira dare.

Ba yaran nan ne suka fara zuwa ba. Baba Ya'akubu ne. Wani ɗansa ya nuna masa hoton a waya. Ya yi sallama da yamma, aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki, ya gaisa da Ya Falmata gaisuwa mai tsawo, ya tambayi ƙafarta. Sannan ya sunkuyar da kai.

"'Yata, ban taɓa jin kanku da kowa ba. Kuma aikin malanta aikin lada ne, ni ma jikokina suna boko. Amma gidan nan kin ga yawan rayukan da ke ciki. Tun jiya matan suke zuwa mini ɗaya-ɗaya. In aka zo nemanki ba ɗakinki kaɗai za a ƙona ba."

Siddiƙa ta ce, "Baba, korata kake yi?"

"Roƙonki nake yi."

Matan da suka kai ƙarar, su ne waɗanda suke sauraron muryarta kullum a wayoyinsu, su ne ta sha ba bashin kifi ba ta bi ba, wata ma da cigiyar Zauren Yerwa ta gano ƙanwarta. Ba wadda ta iya zuwa ta faɗa mata a fuska. Wannan da ciwo. Amma a ce mugaye ne, ba za a ce ba. Kowacce ta ga abin da ta gani kafin ta iso Bulabulin, kowacce tana da yaran da take kwana tana lissafi a kansu. Siddiƙa ta so ta yi faɗa, ta rasa da wa. Ta ce wa dattijon ya ba ta lokaci ta nemi wuri.

Ya Falmata ba ta ce na faɗa miki ba. Ɗaure tukwane kawai take yi a tsumma, ba ta kallonta. Obiageli ce ta samo musu ɗaki a Moduganari, a gidan wata bazawara da take sayen kayan miya a wurinta. Suka loda katifa da kwanuka a keke napep biyu da hantsi, matan gidan suna leƙe ta labule, ɗaya ce kawai ta fito ta kama musu buhu.

Da suka isa, matar gidan ta fito tana goge hannu, tana yi musu lale. Siddiƙa ta buɗe baki za ta gaishe ta, sai tsohuwar ta riga ta, tana zaune cikin keken ko saukowa ba ta yi ba.

"Baiwar Allah, tsaya kafin a sauke kaya. Wannan 'yar tawa malamar boko ce, kuma ta sa fuskarta a waya duniya ta gani. In za ki kore mu, ki kore mu yanzu kayanmu na ɗaure. Ƙafata ba za ta iya tashi na uku ba."

Matar ta dubi tsohuwar, ta dubi Siddiƙa, ta dubi titi hagu da dama. Mai keke ya fara tsaki. Sannan ta ce, "Ɗakin ciki zan ba ku, ba na bakin ƙofa ba. Ku sauke, rana na dukan Ya."

Siddiƙa ta kama hannun uwarta ta sauko da ita. Tsohuwar ta dafa kafaɗarta da nauyinta duka, ta ce a fara shigar da katifa, bayanta ya gaji.